Yaƙi Ya Mayar da Karatuna na Likita Cikin Waya: In Ci Gaba Ko In Koma Baya?

Tambaya

Assalamu alaikum, Mama Likita. Ni ɗaliba ce mai karatun likita a wata jami'a da ke birnin Khartum na ƙasar Sudan. Ina farkon shekara ta huɗu, daidai lokacin da za mu fara shiga asibiti, yaƙi ya ɓarke aka kwaso mu zuwa gida. Bayan wasu watanni makarantar ta koma koyar da mu ta intanet, ta kuma ce idan muka ci gaba da biyan kuɗi muna cin jarrabawa za mu gama ba tare da asarar shekara ba. Yanzu na samu wata jami'a a nan gida Nijeriya da ta yarda ta karɓe ni, amma sai na koma baya da shekara biyu. Mahaifina gonarsa ya sayar saboda karatuna, kuma ya ce bai ga dalilin komawa baya ba tunda ina samun maki mai kyau. Ƙanena ma yana shekara ta biyu a fannin harhaɗa magunguna a wannan makarantar, halinmu ɗaya. Gaskiyar magana ita ce har yau ban taɓa sa wa mara lafiya allurar ƙarin ruwa ba, kuma abin yana hana ni barci. Me kike gani?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yata. Sannu da wannan jarrabawa, kuma mun gode wa Allah da Ya fito da ku lafiya. Duk wanda ya bi labarin abin da ya faru daga ranar 15 ga Afrilu, 2023, da yadda ɗalibanmu suka kwana kwanaki a cikin motoci a bakin iyakar Masar kafin a ɗauko su daga Aswan, wasu kuma ta Port Sudan, ba zai yi miki magana da garaje ba. Amma tunda ra'ayina kika nema, ba zan yi miki kwana-kwana ba: ki karɓi gurbin da kika samu a gida, ki haƙura da shekara biyun nan. Ƙarshen wasiƙarki ya nuna cewa zuciyarki ta riga ta gaya miki haka, abin da ya rage kawai shi ne ki samu hujjar da za ki tsaya a kanta a gaban mahaifinki.

Ba na cikin masu raina karatu ta intanet, domin ni ma na koyar ta wannan hanya a shekarar 2020 lokacin da annobar korona ta rufe makarantu, kuma na ga amfaninsa da idona. Darasin da aka naɗa, ɗalibi yana iya tsayar da shi, ya koma baya, ya sake saurare sau uku, abin da ba zai samu ba a zauren da mutum ɗari biyu suka cika ana fifita da littafi. Yadda ƙoda take tace jini, da yadda magani yake bi ta hanta kafin ya shiga jiki, da sunayen ƙwayoyin cuta da halayensu, duk waɗannan ana iya koyonsu a gaban kwamfuta, wani lokaci ma fiye da yadda ake koyonsu a aji. Hoton ƙirji da zanen bugun zuciya sun fi fitowa sarai a fuskar waya a kan yadda ɗalibi na goma sha biyar a layi yake leƙen su ta kan kafaɗar abokinsa. Na kuma lura cewa 'yan matan da ba sa iya ɗaga hannu a aji saboda kunya, su ne suka fi kowa rubuto tambayoyi masu ma'ana. Saboda haka makin da kike samu na gaske ne, kuma kada ki bari kowa ya ce miki zaman banza kika yi. Matsalar ita ce jarrabawar da ake yi ta intanet tana auna abin da intanet ke iya koyarwa ne kawai, shekarar da yaƙi ya tsayar da ke kuwa ita ce shekarar da karatun likita yake barin allo ya koma bakin gadon mara lafiya.

Bari in ba ki labarin abin da ya faru a zagayen da na yi da wasu ɗalibai bayan an dawo daga kullen korona. An kwantar da wani yaro mai kimanin shekara shida, jikinsa zafi rau, tafin hannunsa fari fat, sai na ce wa wata ɗaliba ta duba mana cikinsa. Wannan yarinya ta san littafi ƙwarai, domin a tsaye ta lissafa min dalilan kumburin saifa tun daga zazzaɓin cizon sauro har zuwa cututtukan jini ba tare da ta yi tuntuɓe ba. Da ta zo taɓawa, sai ta kai yatsunta masu sanyi kai tsaye ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu ta danna da ƙarfi, yaron ya ƙanƙame ciki ya fashe da kuka, ita kuma ta ɗago ta ce ba ta ji komai ba. Na ce ta murza tafukanta su yi ɗumi, ta durƙusa ta zo daidai da gadon, ta bar uwar ta riƙe masa hannu, ta fara daga can ƙasan cibiya ta gefen dama, tunda saifa idan ta kumbura a karkace take gangarowa. Na ɗora hannuna a kan nata, na ce wa yaron ya ja numfashi kamar zai hura balan-balan, muka riƙa hawa a hankali. A numfashi na huɗu bakin saifar ya zo ya taɓa gefen yatsanta, sai na ga idanunta sun buɗe. Ashe dama saifar ta sauko har ta wuce inda ta fara dannawa, a kan tsakiyarta ta ɗora hannu shi ya sa ba ta gane ba. Duk abin bai wuce minti biyar ba, amma babu bidiyon da zai iya ɗora hannu a kan hannunta, kuma sai ta taɓa ciki hamsin ko ɗari, na mai ƙiba da na ramamme, na mai kuka da na mai barci, kafin yatsunta su fara gaya mata gaskiya ba tare da malami a kusa ba.

Bayan hannu akwai kunne, kuma ba sauraren huhu da zuciya kaɗai nake nufi ba. Marasa lafiyarmu ba da harshen littafi suke zuwa ba. Tsohuwa za ta ce miki zuciyarta ke ciwo alhali tana nuna saman cikinta. Magidanci zai ce basir ke damunsa, kalmar da za ta iya ɗauke da cututtuka biyar mabambanta, ciki har da wanda idan aka yi sakaci da shi zai kai mutum kabari. Mace za ta ce sanyi ne, ba kuma za ta fayyace miki ba muddin uwar mijinta tana tsaye a bakin gado, sai kin koyi dabarar aiken tsohuwar ta je karɓo kati ko sayo ruwa. Uwa za ta rantse ba a ba yaro komai ba, sai a tambaya ta uku, idan kin sassauta murya kin daina rubutu kin dube ta, sannan za ta ce an dai ba shi jiƙo, an kuma yi masa allura biyu a kemis. A jarrabawar kwamfuta an riga an tace miki labarin an jera shi a layi huɗu, an ba ki amsoshi biyar ki zaɓa. A asibiti ke ce za ki tono labarin, kuma ba a koyon wannan sai ta hanyar tsayuwa a bayan wanda ya iya, ana kallonsa yau da gobe, sannan a gwada a yi kuskure a gabansa ya gyara.

Ki tuna kuma da abin da ke jiran ki bayan takardar shaida. Shekarar horon sababbin likitoci wata goma sha biyu ce, ana zagaya sashen cututtukan manya, da tiyata, da yara, da na mata da haihuwa, kuma ƙaramin likita shi ne wanda ake fara tasowa da ƙarfe biyu na dare. Idan mace ta haihu jini ya ɓalle, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a wajen haihuwa, abin da ake buƙata a mintunan farko shi ne hannun da ya san bambancin mahaifar da ta ƙanƙame da wadda ta saki, ya san yadda ake murza ta, da kuma hannun da zai samu jijiya a jikin da jijiyoyinsa suka riga suka lafe. Tsoron da ke hana ki barci tsoron wannan daren ne, kuma tsoro ne mai kyau, ina ma a ce kowane ɗalibi yana da irinsa.

To, ko da mun ajiye maganar ƙwarewa a gefe, akwai maganar doka, kuma ita ce za ta fi shiga kunnen mahaifinki. Takardar shaidar jami'a ba ita ce lasisin aiki ba. A Nijeriya hukumar da ke kula da aikin likitoci da likitocin haƙori, wato MDCN, ita ke ba da izinin duba mara lafiya, kuma duk wanda ya yi karatu a waje sai ya zauna jarrabawar tantancewarta, wadda ta ƙunshi ɓangaren gwaji a aikace inda malami ke tsaye yana kallon abin da hannunki yake yi. A watan Yuni na 2022, bayan yaƙin Rasha da Yukren ya watse da ɗaliban likita da ke can, wannan hukuma ta fito fili ta ce ba za ta amince da takardun likita da makarantun Yukren suka bayar daga shekarar ba har sai karatu ya dawo yadda aka saba, ta kuma ƙara da cewa karatun likita ta intanet, a ko'ina aka yi shi a duniya, bai kai matsayin da take karɓa ba. Hukumar takan duba har fasfo domin ta ga tambarin shiga da fita, ta tabbatar cewa ɗalibi ya zauna a ƙasar da ya ce ya yi karatu. Saboda haka lissafin da ake yi a gidanku, cewa ana zaɓe ne tsakanin asarar shekara biyu da rashin asarar komai, ba daidai ba ne. Abin da ke ɗaya gefen sikelin shi ne yiwuwar ki ƙare da takarda mai kyau a cikin akwati, an biya mata kuɗi da dala, amma ba za ta kai ki ko ƙofar ɗakin jarrabawa ba. Kada ki dogara da maganata kaɗai ko da abin da ake yaɗawa a zaurukan WhatsApp na ɗalibai. Ki rubuta wa magatakardar hukumar a Abuja wasiƙa, ki faɗi sunan makarantarki da shekarar da kike da yadda ake koyar da ku a yanzu, ki nemi amsa a rubuce, ki adana ta.

Akwai hanya ɗaya da za ta iya sa in sassauta wannan shawara. Wasu makarantun Sudan ba su tsaya ga intanet ba, sun nemo wa ɗalibansu asibitoci a wasu ƙasashe. Jami'ar kimiyyar likitanci da fasaha ta Khartum, alal misali, ta kai ɗalibanta asibitin Muhimbili da ke Darussalam a Tanzaniya, wasu kuma Ruwanda, a cikin 2023, suka ci gaba da shiga ɗakunan marasa lafiya a can. Idan makarantarki tana da irin wannan yarjejeniya a rubuce da wani asibitin koyarwa da aka amince da shi, inda za ki yi dukkan zagayen sassa da jikinki, manyan likitoci su sa hannu a littafin ayyukanki, a yi miki jarrabawa ido da ido, kuma hukumar ta tabbatar miki a takarda cewa za ta karɓa, to wannan ya cancanci a auna shi. Amma wasiƙarki ba ta ambaci komai irin wannan ba, kuma zuwa babban asibitin garinku kina bin wani likita abokin kawunki ba ya maye gurbinsa. Za ki ƙaru a can, ba na musu, sai dai babu wanda zai lissafa miki shi, kuma babu wanda ke da alhakin tabbatar da cewa kin ga abin da ya kamata ki gani.

Ba zan yi miki ƙarya cewa gida aljanna ce ba. Yajin aikin malaman jami'o'i ya cinye kusan wata tara a 2020, ya sake cinye wata takwas a 2022, kuma za ki tarar da ɗakunan da ɗalibai ashirin suke kewaye gado ɗaya. Shekara biyun da aka ce miki tana iya zama biyu da rabi. Saboda haka kafin ki biya ko kwabo, ki tabbatar cewa jami'ar da ta karɓe ki tana da cikakkiyar amincewar MDCN har zuwa matakin asibiti, ba ta shekarun farko kaɗai ba, kuma za a sa ki cikin adadin ɗaliban da hukumar ta ƙayyade mata, a yi miki rajista a matsayin ɗalibar likita. Makarantar da ta ɗebi fiye da ƙa'idarta, ɗaliban da suka yi rara su ke shan wahala a ƙarshe. Ki bi kuma ta hanyar da hukumar JAMB ta tsara a 2023 domin ɗaliban da yaƙi ya koro, don shigarki ta zama a kan ƙa'ida. Abu mafi gaggawa shi ne takardar sakamakon shekarunki uku: ki neme ta yanzu, tun kina da kyakkyawar alaƙa da tsohuwar makarantar kuma ana iya samun wanda zai sa hannu, kada ki sanar da su za ki tafi sai ta shigo hannunki. Fasfonki na da, ko ya ƙare, kada ki yar da shi.

Maganar ƙanenki ta fi sauƙi, domin shi bai yi nisa ba. Mutane suna ɗauka cewa harhaɗa magunguna haddar sunaye ce da za a iya yi a kan tabarma da waya a hannu, alhali rabin karatun a ɗakin gwaje-gwaje yake. Sai ya tsaya a gaban sikeli ya auna garin da bai kai ƙwayar gero nauyi ba, ya niƙa a ƙaramin turmi, ya haɗa maganin ruwa ya ga yadda yake kwantawa a gindin kwalba ya ƙi tashi idan an kuskure haɗin, ya dama man shafawa ya ga ya tsinke ruwa gefe mai gefe, sannan zai fahimci abin da ke bayan rubutun nan na a girgiza kafin a sha. Sai ya gwada sinadari da hannunsa kafin ya san yadda ake bambance mai kyau da gurɓatacce, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da maganin fitar haƙori da aka haɗa da gurɓataccen sinadari ya kashe yara fiye da 80 a tsakanin 2008 da 2009. Shi ma yana da hukumarsa mai kula da masu harhaɗa magunguna, wato PCN, wadda take sa waɗanda suka yi karatu a waje su halarci wani shirin horarwa na musamman, sannan su yi shekara guda ta koyon aiki, su kuma ci jarrabawa kafin a yi musu rajista. Ga shi kuma jami'o'inmu suna komawa tsarin digirin shekara shida wanda ya ƙara shigar da ɗalibi cikin asibiti, yana bin zagaye, yana duba takardar magani, yana koya wa mai asma yadda ake shaƙar maganinta. Darussan shekara ta biyu da ya saurara ta intanet ba su ɓata ba, za su sauƙaƙa masa, amma kowace shekara da ya ƙara ba tare da ɗakin gwaji ba, ramin da zai cike daga baya ƙara zurfi yake yi. Ya nemi sauyi tare da ke, ko da zai fara daga shekara ta biyun ne.

Saura mahaifinki, kuma a nan nake so ki yi taka-tsantsan. Mutumin da ya sayar da gonarsa ba gardama yake yi da ke a kan hanyoyin koyarwa ba, tsoro yake ji kada sadaukarwarsa ta tafi a banza, kuma wataƙila ya riga ya gaya wa abokansa a majalisa shekarar da 'yarsa za ta zama likita. Idan kika tunkare shi da cewa bai fahimta ba, kin rasa shi. Ki jira amsar hukumar ta zo, ki samu wani da yake jin nauyinsa, ko yayansa ko wani dattijon likita a garinku, ku zauna bayan sallar isha'i lokacin da gida ya yi shiru. Ki fara da godiya, sannan ki ce masa, Baba, ba na so kuɗin gonarka ya ƙare a takardar da ba za a bar ni in yi aiki da ita ba. Ki ajiye masa lissafi a takarda: abin da za a biya waccan makaranta da kuɗin waje har a gama, da kuɗin data, da abin da za a biya a nan da naira, tare da tallafin karatu na jiharku idan akwai wanda za ki iya nema. Shi manomi ne, ya san cewa wanda ya saurari shirin noma a rediyo shekara goma bai kama ƙafar yaron da ya yi damina biyu riƙe da fartanya ba, kuma ya san ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Idan bai amsa a daren ba, kada ki matsa, ki bar maganar ta kwana.

Idan Allah Ya sa kin koma aji, za ki zauna da waɗanda kika girma, kina maimaita darussan da kika riga kika ci, kuma wasu ranaku abin zai yi miki ɗaci, musamman ranar da tsofaffin abokan karatunki za su sa hotunansu da rigar kammalawa. Ki yi amfani da sauƙin da maimaicin zai ba ki: lokacin da 'yan ajinki suke fama da hadda, ke ki nemi izinin shiga ɗakin ba da agajin gaggawa da yamma. Bidiyoyin da kika tara ki ci gaba da kallonsu da daddare, ki kalli yadda ake abu, washegari ki je ki yi shi a gaban malami. Allurar ƙarin ruwan da take damun ki kuwa, ba farfesa ne zai koya miki ita ba, wata dattijuwar nas ce da ta shekara ashirin tana sa wa jarirai. Ki gaishe ta da ladabi, ki riƙe mata tire, ki ɗaure mata hannun mara lafiya, ki kalli yadda take shafa jijiya da yatsa kafin ta soka. Ranar da ta miƙo miki allurar, mai yiwuwa ki kuskure ta farko da ta biyu, sai ki ba mara lafiyar haƙuri, ki miƙa mata ta sa, gobe ki dawo da wuri.